Zagagin Lokaci na Ingilishi a Bakin Ɗalibi Mai Jin Hausa: Misali daga Fadaman Mada, Bauchi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke wahalar da mai koyo, kaɗan ne suka kai 'at' da 'on' da 'in' da 'since' da 'for' da 'until' da 'by'. Ƙanana ne, amma da wuya a faɗi lokacin aukuwar wani abu ba tare da ɗaya daga cikinsu ba. A wannan maƙala za a kira su zagagin lokaci, wato kalmomin da ke shigewa gaban suna domin su danganta aiki da lokacinsa.

Ɗalibin da za a yi la'akari da shi shi ne irin wanda ya tashi a unguwa kamar Fadaman Mada a cikin garin Bauchi. Hausa ita ce harshensa na wasa da kasuwa, ko da kuwa iyayensa Fulani ne ko Gerawa ko Jarawa ko Sayawa. Ingilishi kuwa a aji yake gamuwa da shi, kuma sai ya ci shi da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO kafin ya sami gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wata jami'a. Tun a 1957 Robert Lado ya nuna cewa mai koyo yakan ɗauki tsarin harshen da ya sani ya ɗora a kan wanda yake koyo, a 1967 kuma S. Pit Corder ya nuna cewa kurakuran mai koyo suna da tsari abin nazari. Manufar maƙalar ita ce ta bayyana cewa yawancin kurakuran wannan ɗalibi sun faru ne saboda Hausa da Ingilishi sun sha bamban wajen rarraba lokaci. Tauraro a gaban jimla yana nuna ba karɓaɓɓiya ba ce.

2.0 Rarraba Lokaci a Harsunan Biyu

Hausa tana da manyan hanyoyi huɗu na faɗin lokaci:

(1) da ƙarfe bakwai, da asuba, da safe, da dare, da damina

(2) ran Litinin, ranar 1 ga Oktoba

(3) a watan Janairu, a shekarar 1976

(4) jiya, gobe, bara, baɗi

A (1) zagin 'da' ya haɗa awa da sassan yini da yanayin shekara. A (2) sunan 'rana' ne ke ɗauke da nauyin, ko da 'a' ta gabace shi ko babu. A (3) 'a' ko 'cikin' ke aiki. A (4) ba a bukatar zagi.

Shi kuwa Ingilishi faɗin lokacin yake dubawa. Idan ɗigo ne da ba a lura da tsawonsa, 'at' ake sakawa. Idan yini guda ne, 'on'. Idan abin da ya zarce yini ne, kamar wata ko shekara ko ƙarni, sai 'in'. Misali:

(5) Bauchi State was created in 1976.

(6) Bauchi State was created on 3 February 1976.

(7) Gombe State was created in October 1996.

Kasancewar rana a cikin (6) shi ya jawo 'on'. Da an cire ranar, kamar a (7), sai a koma ga 'in'.

3.0 Matsalar 'da'

A nan ne aikin ya fi yawa, domin 'da' ɗaya tak ta Hausa tana fuskantar zagagi daban-daban a Ingilishi:

(8) da ƙarfe bakwai: at seven o'clock

(9) da asuba: at dawn

(10) da safe: in the morning

(11) da dare: at night

(12) da damina: in the rainy season

Ɗalibin da ya riƙe cewa 'da' tana daidai da 'in' saboda (10) zai rubuta:

(13) *The lesson starts in seven o'clock.

Wanda kuma ya riƙe (8) zai ce 'at the morning'. Lura da cewa (10) da (11) ba su bi ƙa'idar faɗin lokaci sosai ba, domin dare bai fi safiya gajarta ba. Al'adar harshen ce kawai, sai dai a haddace.

Abin ya ƙara sarƙewa idan rana ta haɗu da sashen yini. Bahaushe yakan ce 'ran Juma'a da safe', ya ba kowane sashe alamarsa. Ingilishi yakan dunƙule su, ya bar ranar ta yi mulki: 'on Friday morning'. Shi ya sa ake samun 'in Friday morning' a rubutun ɗalibai. Amma akwai inda Hausa ke taimakawa. Bambancin 'da Sallah' da 'ran Sallah' daidai yake da na 'at Sallah', wato duk kwanakin bikin, da 'on Sallah day', wato ranar idi kanta.

4.0 'Tun' da Tsawon Lokaci

'Tun' da 'since' sun yi tarayya wajen nuna mafarin lokaci, amma sun bambanta ta fuska biyu. Da farko, Hausa tana amfani da lokaci sabau ko mai ci tare da 'tun', alhali Ingilishi yana bukatar siga mai 'have':

(14) Yana zaune a Fadaman Mada tun 2015.

(15) *He is living in Fadaman Mada since 2015.

(16) He has lived in Fadaman Mada since 2015.

Na biyu, Hausa ba ta da zagi guda da ya yi daidai da 'for'. Cewa ake yi 'ya yi shekara uku a nan', ko 'shekara uku ke nan yana nan', ko 'har tsawon shekara uku'. Da yake kuma ana iya cewa 'tun shekara uku da suka wuce', sai ɗalibi ya cike gurbin da 'since three years'. Ma'aunin da zai fitar da shi mai sauƙi ne. Idan kalmar da ke biye tana amsa tambayar 'tun yaushe?', 'since' ce. Idan tana amsa 'tsawon wane lokaci?', 'for' ce.

5.0 'Har', 'Sai', 'Kafin' da 'Nan da'

'Har' tana tafiya da aikin da ke ɗorewa, kuma fassararta ba ta da wahala: 'ya yi karatu har ƙarfe huɗu' daidai yake da 'he studied until four'. 'Sai' ce mai tarko, domin tana ɗauke da korewa a cikinta ba tare da 'ba' ta bayyana ba:

(17) Sai ƙarfe huɗu zai zo.

(18) *He will come until four.

(19) He will not come until four.

Zuwa aiki ne na nan take, ba ya ɗorewa, don haka 'until' ba ta zama da shi sai an kore jimlar. Wannan 'sai' ɗin ce kuma ke cikin 'sai gobe', sallamar da ɗalibi kan mayar da ita 'till tomorrow'.

Shi kuma 'by' iyaka yake sanyawa: a gama abu a lokacin da aka ambata ko kafinsa. Mafi kusa da shi a Hausa shi ne 'nan da' ko 'zuwa'. Ya bambanta da 'before', wato 'kafin', wanda ke fitar da ranar da aka ambata. Idan sanarwa ta ce a miƙa takardu 'by Friday', ran Juma'a tana ciki. Idan ta ce 'before Friday', Alhamis ce ranar ƙarshe. A Ingilishin Nijeriya an saba amfani da 'by' a gurbin 'at', kamar a katin gayyata mai cewa za a fara taro 'by 4 p.m.' Wanda ba ɗan ƙasa ba zai fahimci cewa ana iya farawa tun kafin ƙarfe huɗu.

Haka nan 'nan da kwana biyu' a Ingilishi 'in two days' ne, idan daga yau ake ƙirgawa. 'After two days' ya fi dacewa da labarin abin da ya wuce, kamar 'bayan kwana biyu ya dawo'.

6.0 Inda Ba a Saka Zagi

Ingilishi ba ya yarda da 'at' ko 'on' ko 'in' a gaban 'last' da 'next' da 'every' idan su ne suka buɗe yankin lokaci. Hausa kuwa tana yarda da 'a makon jiya' da 'a ranar Litinin mai zuwa'. Daga nan ne 'in last week' da 'on next Monday' suka samo asali.

7.0 Zagi Daidai, Ma'ana Kuskure

Akwai kuskuren da ba a gani a takarda. A lissafin Hausawa, bisa tsarin Musulunci, dare ne ke gabatar yini, don haka 'daren Juma'a' shi ne wanda ya biyo bayan faɗuwar ranar Alhamis. Ɗalibin da ya fassara shi da 'on Friday night' bai karya nahawu ba, amma ya jinkirta alkawarin da kwana guda. Daidai shi ne 'on Thursday night'.

8.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa jera wa ɗalibi zagagin Ingilishi tare da fassarar kalma ɗaya ga kowane shi ke haifar da jimloli irin (13) da (15) da (18). Zai fi amfani malami ya fara daga Hausa: ya rubuta yankunan 'da' a allo, ya bar ɗalibai su gani da idonsu yadda suke rabuwa a Ingilishi. Ya kamata a koyar da yanki ɗungurungum, kamar 'at night' da 'on Friday morning', a kuma yi atisaye da ranakun tarihin da ɗalibai suka sani. Wajibi ne kuma a bambance musu abin da aka saba ji a gari da abin da mai duba jarrabawa ke nema. Ga masu nazarin harsuna, akwai bukatar a yi irin wannan kwatanci tsakanin Ingilishi da Fulatanci da sauran harsunan Jihar Bauchi, domin a tantance wane kuskure ne na Hausa, wane ne kuma ya game duk masu koyo a Nijeriya.