Sabunta fentin jita a Adar: aikin safiya da jira

Duk wanda ya bi masu kiɗan biki daga Tahoua zuwa Tabalak da Abalak ya san irin wahalar da jita ke sha. A ɗaure ta a bayan babur, ta kwana cikin rairayi, rana ta dake ta, gumi ya ci fentinta. Mdou Moctar, wanda ya tashi a wannan yanki kafin ya je Sakkwato ya naɗi faifansa Anar a 2008, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Don haka gyaran jita da hannu ba baƙon abu ba ne a nan. Sai dai fenti yana da nasa hali, musamman a kan jitar bas, babbar nan mai tsirkiya huɗu da ke riƙe ƙasan kiɗa, wadda faɗin jikinta ba ya ɓoye aibi.

Fentin da ake magana Turawa na ce masa laka, amma ba lakar tafki ba ce. Fenti ne mai bushewa nan take, kuma nau'in da masu jita suka fi so shi ake kira nitro. Asalinsa na mota ne. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi a farkon shekarun 1920, ya mayar da bushewar fentin mota daga makonni zuwa sa'o'i. Da Leo Fender ya ƙera jitar bas mai suna Precision Bass a 1951, irin wannan fenti ya fesa mata, daga baya har launukan motoci ya ara. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Fender ya koma fenti mai kauri irin na roba, kuma shi ne a jikin galibin jitocin da ke shigo mana yau.

Bambancin yana da amfani. Nitro ba ya daskarewa ta hanyar haɗuwar sinadarai. Ruwan da aka narka shi ciki ne ke tashi ya bar shi a kan katako. Shi ya sa kowane sabon feshi yake ɗan narkar da na ƙasansa su zama abu guda, shi ya sa kuma gyara kuskure ke da sauƙi. Amma wannan hali ne ya mayar da shi bawan yanayi. A bazarar Adar, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fentin kan bushe cikin iska kafin ya sauka, sai jikin jitar ya fito da kaushi kamar an barbaɗa masa tsaki. A watan Agusta raɓar da ke cikin iska kan maƙale a ciki, ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono. Da hunturu kuwa ƙura ce ke zama a kai tun yana ɗanye. A ganina babu lokacin da ya kai kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, da sassafe, a inuwa, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa yadda masu fentin mota ke yi.

Kafin komai a kwance jitar: tsirkiyoyi, wuya, na'urorin ɗaukar sauti, da ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa, wanda masu goge za su kira jaki. A ɗauki hoton wayoyin da salula tun ba a cire su ba. Akwai wata siririyar waya a ƙarƙashin jakin. Wanda ya mance ya mayar da ita zai sha kukan lasifika ranar biki.

Mutane da yawa na ɓata kwanaki suna kankare tsohon fenti har katako. In fentin roba ne kuma bai ɓantare ba, a bar shi. A cike ramukan, a goge da samfefa mai lamba 320 har ƙyallin ya mutu, ya isa. Sau da yawa katakon da ke ƙasa guntaye ne aka manna, ba abin da ido zai so gani. A rufe gurbin da wuya ke zama da tef, don fenti in ya taru a wurin wuyan ba zai koma daidai ba.

A karanta jikin gwangwanin feshi da kyau, domin ba kowanne ne laka ba. In aka fesa laka a kan fentin mai, sai ya yamutse kamar fatar tsohuwa. A fara gwadawa a kan wani katako. A rataye jikin jitar da waya, a tsaya da gwangwani kamar taƙi ɗaya daga gare ta, a riƙa wucewa ba tsayawa. Fentin shimfiɗa, sai launi, sai mai garai-garai kamar sau takwas zuwa goma, kowanne siriri, ba fiye da uku a rana ba. Mai son gamawa da feshi ɗaya mai kauri, hawaye zai ga fentin yana zubarwa.

Tururinsa yana kama wuta, yana kuma cutar da huhu da ƙwaƙwalwa. Rawani ko takunkumin tsumma ƙura kawai suke tarewa. Sai an sami takunkumi mai matatar gawayi. Kada a yi aikin a ɗakin kwana, ko kusa da yara, ko kusa da murhu. Mai shayi ma ya matsa da mangal ɗinsa can nesa.

Sai jira, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. Fentin zai bushe a hannu cikin sa'a guda, amma cikinsa ɗanye ne har mako uku ko huɗu. Muddin hanci na jin warinsa, da saura. Bayan nan a goge da samfefar ruwa daga lamba 800 har 2000, a bi da man goge mota da tsumma mai laushi, ana kiyaye ruwa kada ya shiga ramukan kusoshi ya kumbura katako.

Ko bayan an mayar da tsirkiyoyi, nitro na da abokan gaba. Robar wasu matokaran jita tana narka shi, haka turare da maganin sauro na shafawa. In kuma ta kwana cikin sanyin dare a Tchintabaraden, a bar ta cikin jakarta ta ɗumama a hankali kafin a fito da ita, don sauyin zafi farat ɗaya ne ke sa fentin tsagewa siri-siri.