Noman karoti a cikin gida: yadda ake shuka iri a fangali ko a bido

Da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, masu garka a Gulbin Maraɗi da Mirriya da bakin kogin Yamai sukan shiga shirin noman rani. Tun bayan farin 1984 wannan noma ya samu gindin zama a Nijar. Amma ba sai mai fadama kaɗai ke iya cin moriyarsa ba. Magidancin da ke da ɗan fili a tsakar gida, ko uwargidan da ke da tsofaffin bidodi, na iya samun karoti da radi da beterab na miyar gida.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu. Karoti na son sanyi. Idan aka bari har zafin Maris ya shigo, irin ba ya tsirowa da kyau, saiwar kuma takan fito ƙanana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dashe. Tumatir da albasa ana rainon su a dasa, amma karoti da radi ba sa son haka, domin saiwar ita ce abincin. In aka tuge ta tana ƙarama, sai ta karkace ko ta rabu biyu. Saboda haka a inda aka zuba irin, a nan zai zauna har girbi.

Wannan ne ya sa gyaran ƙasa ya fi komai muhimmanci. Ana buƙatar ƙasa mai laushi, zurfin santimita 25 zuwa 30, babu tsakuwa, babu hoge. Inda ƙasar laka ce ko ruwa ke kwanciya, sai a tada fangali ya yi tudu, faɗinsa kada ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. A wurin da yashi ya yi yawa, ana yi wa fangalin baki don ruwa ya tsaya. Taki kuwa sai wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin dabbobi na sa karoti ya yi rassa, ya kuma kawo ciyawa.

Wanda ba shi da fili zai iya yanke saman bido mai lita 20 ko 25, ko ya naɗe bakin buhu. Dole a huda gindin don ruwa ya riƙa fita, sannan a cika da yashi da ƙasar garka da ruɓaɓɓen taki. A ajiye shi inda rana ke samun sa aƙalla awa 6, nesa da awaki da kaji.

Irin karoti ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa masu garka ke gauraya shi da busasshen yashi kafin su zuba. Ana jan layi da yatsa, zurfin santimita 1, tazarar santimita 20 tsakanin layuka. Bayan an rufe, sai a shimfiɗa ɗan haki a kai, a riƙa ban ruwa a hankali safe da yamma. Idan saman ƙasar ya bushe a wannan lokaci, irin na iya mutuwa. Yakan tsiro cikin mako 1 zuwa 2, a nan ne ake ɗauke hakin.

Sai aikin da mutane ke jin tausayin yi: ragewa. Idan tsiron ya kai tsawon yatsa, ana cire na tsakani a bar santimita 4 zuwa 5 tsakanin kowane biyu. Beterab na son santimita 10, kuma ƙwayar irinsa ɗaya kan fitar da tsiro fiye da ɗaya. Wanda ya ƙi ragewa zai girbi ganye mai yawa da saiwa kamar tsinke.

Radi na nuna cikin wata 1, beterab wajen wata 2 zuwa 3, karoti kuma kusan wata 3. Kada a bar fangali ya bushe ƙaƙas sannan a malala masa ruwa, domin hakan na fasa saiwar. Wanda ya shuka layi biyu kowane mako 2 zai riƙa tuge sabon karoti har ƙarshen sanyi.