Murfin Rijiya

A gidan da na tashi, a wani ƙauye tsakanin Dogon Daji da Tambuwal, akwai laifi guda da Goggo ba ta yafewa ko ranar Sallah ce, wato barin rijiya a buɗe. Murfin ma ba wani abin a zo a gani ba ne, marfin tsohon duro ne da ya sha tsatsa, sai wani dutse da ake danne shi da shi. Amma in ka ja ruwa ka wuce ba ka mayar ba, ko ka kai bakin zaure za ka ji muryarta: "Kai, dawo ka ruhe rijiyag ga!" In ka ce mata ai yara duk sun tafi makarantar allo, sai ta ce ɗan maƙwabta fa, wanda zai shigo a guje yana bin kaza?

Haka take da komai na madafa. Ba ta ajiye tafasasshen ruwa a hanyar wucewa. Wuƙa in ta gama aiki, can saman danga ake soke ta. Garwashin dare kuwa sai ta binne shi cikin toka ta tabbatar ya kwanta kafin ita ta kwanta, balle da hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa, rumbuna cike da gero, gida kuma kewaye da kara. Kalanzir ba ya shiga kwalbar da aka san ta da ruwan sha. Kafin ta sunkuya gaban murhu za ta gyara ɗaurin zane, ta cusa bakin gyale a ƙugu. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, ba kuma wanda ya taɓa ba ta takardar shaidar ƙwarewa, amma shekara da shekaru tana aiki da wuta da wuƙa da tafasasshen mai a tsakiyar yara fiye da goma, babu wanda ya tashi da tabon ƙuna.

Abin da ke damuna shi ne mu 'ya'yan mata irin Goggo. Da zarar mun bar zaure mun isa wurin neman abinci, sai mu ajiye duk wannan tarbiyya kamar yadda ake tuɓe takalmi a ƙofar masallaci.

Ka tsaya bakin babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Tambuwal ya nufi Aliero da Jega, ka ba idonka abinci na rabin sa'a kawai. Ga mai walda tsugune yana haɗa ƙofar ƙarfe, ba gilashi a fuska, in wutar ta haska sai ya runtse ido ya kawar da kai. Yaronsa ɗan shekara goma sha biyu ne ke riƙe masa ƙarfen, shi ko runtsewar bai iya ba. Wayar da ta taso daga janareta duk ɗauri ce, an naɗe ta da leda, tana kwance inda ake zubar da ruwan alwala. Na taɓa tambayar wani mai walda ina gilashinsa, ya yi murmushi ya ce, "Malam, shekara ashirin ina wanga aiki, mun saba." Shi da kansa ya gaya mini cewa wani daren ba ya barci, idon kamar an watsa masa yashi, hawaye na zuba har asuba. Wannan zafin ƙuna ce ta gaske, hasken walda ne ke ƙona fatar ƙwayar ido, kuma yau da gobe yana iya kai mutum ga yanar ido. Ya san ciwon, ya san dalilinsa, gilashin kuma yana rataye a ƙusa bayan shago.

Gaba kaɗan mai faci ne ke ba tayar babbar mota iska, ya raba ƙafa a kanta yana ƙwanƙwasawa da ƙarfe don ya ji ko ta cika, gejin ya lalace tun bara. Kusa da shi ɗan bumburutu yana juye fetur daga jarka zuwa galan, taku uku tsakaninsa da murhun mai shayi.

Amma injin niƙa ne ya fi tsaya mini a rai, domin na gani da idona. Ina ɗan saurayi aka aike ni niƙan dawa a wani inji da ba zan faɗi inda yake ba. Bel ɗin da ke juya injin tsirara yake, an cire murfin ƙarfen da ya zo da shi tun ranar da aka girka shi, wai yana ɓata lokaci in bel ya zame. Ranar kuwa ya zame. Yaron da ke tsaron injin bai kashe ba, don in ya kashe sai an sake wahalar tayarwa, ga layin 'yan mata da ƙwarya da roba har waje. Ya sa hannu zai tura bel ɗin ya hau, kamar yadda ya ga maigidansa na yi kullum. Ƙara guda muka ji. Kafin a kashe injin yatsu uku sun tafi, jini ya fantsama cikin garin da ke zuba a daro. Abin da ban manta ba shi ne maganar da maigidan ya yi bayan an ɗauki yaron a babur: "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Bayan sati guda na koma wurin. Wani yaron ne a kan injin, bel ɗin na nan tsirara, 'yan mata na gittawa ta gefensa da dogayen hijabai suna kaɗawa.

A ce a gidan wannan mutum aka bar rijiya a buɗe ɗansa ya faɗa, sannan bayan sati guda ya shigo ya tarar da ita a buɗe, ba zai ce tsautsayi ba. Ranar unguwa za ta ji muryarsa. To, me ya raba rijiyar tsakar gida da bel ɗin inji? Dukkansu rami ne da ke jiran wanda hankalinsa zai tafi na ƙiftawar ido, kuma babu ɗan Adam ɗin da hankalinsa ba ya tafiya. Yunwa tana ɗauke shi, gyangyaɗi yana ɗauke shi, kiran waya yana ɗauke shi. Hikimar Goggo ke nan: ba ta taɓa dogara da cewa kowa zai lura ba, ta ɗauka cewa wata rana wani ba zai lura ba, sai ta sa murfi.

Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, kuma ba na jayayya cewa abin da Allah Ya rubuta sai ya auku. Amma malamanmu sun sha karantar da mu labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Wanda ya cire murfin inji da hannunsa ya jingina shi a bango, sannan ya kira abin da ya biyo baya ƙaddara, ya ɗora wa kalma mai tsarki kayan da ba nata ba. Sunan abin sakaci, in kuma an gaya maka ka ƙi ji, ya zama ganganci.

Wani sakacin ma ba ya tsayawa a wurin aiki, biyo mutum yake har cikin madafar da muke yabo. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, masu haƙar zinare suka riƙa kawo duwatsu cikin gari da cikin gidaje, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da aka saba niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurar ta kwanta a ƙasan da jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan ƙananan kaburbura sannan aka gano gubar, kuma yaran da suka rasu sun kai aƙalla 400. Maganin da aka yi wa gidajen shi ne a kankare ƙasar tsakar gida a kwashe, a zubo sabuwa. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema wa yaran, kuma da yawansu ba su san dutsen na ɗauke da ajali ba. Mu da labarin ya iso wa, ba mu da wannan uzurin.

Duk da haka ka leƙa fadamun Kebbe da Kuchi lokacin feshin shinkafa. Saurayi ne da famfon feshi a baya, murfin na yoyo, maganin na gangarowa ta gadon bayansa ya jiƙe riga. Ba takalmi, ba ƙyalle a hanci, yana tafiya iska na maido masa da feshin a fuska. In bakin famfon ya toshe sai ya cire ya sa a baki ya hura. Da ya gaji ya zauna gindin itace ya ɓare goro da wannan hannun. Maganin ciyawa da na ƙwari ba sai an sha suke shiga jiki ba, ta fata ma suna shiga, sun fi kuma shiga in jiki ya yi gumi. Da yamma rigar nan za ta shiga baho ɗaya da kayan jariri, robar maganin kuma a ɗauraye ta a zuba man gyaɗa, don ana ganin ɓarna ce a jefar da roba mai kyau. Matar da ba za ta yarda a ajiye fiya-fiya kusa da tulu ba, ita ce mijinta ke miƙa wa wannan robar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, kuma mafi yawansu ba faɗuwa ko fashewa ke kashe su ba, cututtuka ne da aikin ya dasa musu a hankali. Irin wannan mutuwar ba ta da ƙara, shi ya sa ba a danganta ta da gona ko shago. Sai dai a ce wane ya yi jinya.

Ta fetur ce mai ƙara. A Majiya ta Jihar Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, tanka ta faɗi, jama'a suka fito ɗibar mai, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairu 2025, a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka kawo janareta don a juye man wata tankar da ta faɗi, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka tafi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana malala ba a ganinsa, har ya iske tartsatsi. Taku ukun nan da ke tsakanin ɗan bumburutu da mai shayi, a wurin tururin ba tazara ba ce.

Ita kanta rijiyar, masu haƙarta na dā sun fi na yanzu tsoronta. Tsofaffin gwanaye in za su shiga yasar tsohuwar rijiya, fitila suke fara zurawa da igiya. In ta mutu a ƙasa, ba mai sauka, sun san iskar wurin ba ta numfashi ba ce. Yanzu sai a zura injin jan ruwa mai shan fetur har cikin ramin, mutum na ƙasa yana kwasar laka. A cikin hayaƙin injin akwai wata iska marar wari marar launi da ke sumar da mutum kafin ya gane yana cikin haɗari, kuma fitila ba ta tona ta. Na farko ya yi shiru, na biyu ya sauka ceto ba igiya a ƙugu, shi ma ya yi shiru. Injin wurinsa waje ne, nesa da bakin rijiya, tiyo kaɗai ke sauka.

Za a ce ina hukuma. Dokoki kam akwai su. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sami abin riƙewa. Ya kamata gwamnati ta matso da waɗannan dokoki kusa da talaka, kuma ina cikin masu wannan kira. Amma gaskiya ita ce yaron injin niƙa ba ya cikin rajistar kowa, ba shi da albashi balle a zuba masa kashi ɗaya, ranar da yatsunsa suka tafi kuɗin allura kawai aka biya. A irin wuraren aikinmu, maigida shi ne doka, shi ne mai duba aiki, shi ne kuma wanda uban yaro ya damƙa wa amana hannu da hannu ya ce, "Ga ɗanka nan." Wanda aka ce wa haka ya zama Goggon wannan shago, ko ya so ko bai so ba.

Na san kuɗi na wuya, na san ana lissafin kowace naira. Sai dai murfin bel aikin yini guda ne a wurin mai waldan da ke maƙwabtaka da kai, da guntun langa-langa da ƙarfe huɗu. Gilashin walda na biyu, na yaron da ke riƙe ƙarfe, bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Kashe inji kafin a taɓa bel ba ya cin ko sisi, minti biyar kawai yake ci. Muna da sarakunan sana'a da shugabannin ƙungiyoyi, na maƙera da na masu walda da na masu inji, waɗanda in suka ce ba a buɗe shago ranar kaza ba mai buɗewa. Wannan ikon ya isa su ce injin da ba murfi ba zai tashi ba.

Ya kai maigida mai inji a Tambuwal, ko Sanyinna, ko Jabo, ko Kebbe, murfin nan da ka jingina a bango yana nan, ƙura ce kawai ta rufe shi. Don girman Allah, kafin ranar kasuwa mai zuwa, ka kakkaɓe shi ka mayar.