Gurnanin Tafkin Wuta na Nyiragongo

A yankin Maraɗi, daga unguwar Zariya har Tibiri da Jiratawa, ƙasa shimfiɗe take kuma ba a san ta da motsi ba, shi ya sa da wuya mutumin yankin ya kwatanta tafkin da narkakken dutse ne ya cika shi, yana ɓararraka dare da rana kamar talge a kan murhu. Irin wannan tafki ne ke taruwa a ramin ƙololuwar Nyiragongo, dutse mai aman wuta da tsayinsa ya kai mita 3,470, a arewacin birnin Goma na ƙasar Kwango.

Masana na sauraron tafkin da na'urorin auna motsin ƙasa da ake kafawa a kewayen dutsen, kuma sun rarrabe motsin da ke iso musu. Akwai raurawa mai ɗorewa, wadda ke tasowa yayin da iskar gas ke haurowa ta cikin narkakken dutsen, ta yi kumfa ta fashe a samansa. Akwai kuma girgiza mai kaifi, gajera, wadda ke nuna cewa narkakken dutsen yana fasa sandararren dutse don ya nemi sabuwar hanya, kuma ita ce aka fi ɗauka a matsayin gargaɗi.

Abin takaicin shi ne, dutse mai aman wuta da bakinsa ke buɗe ba lallai ne ya yi gargaɗi da wuri ba. Ranar 22 ga Mayun 2021 gefen dutsen ya tsage, tafkin ya tsiyaye, mutane sama da 30 suka rasu, kuma binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya nuna cewa alamun sun bayyana ne ƙasa da minti 40 kafin aman. Manyan girgizar sun biyo baya ne, lokacin da narkakken dutsen ya kutsa ƙarƙashin Goma ya nufi tafkin Kibu, har hukumomi suka umarci a kwashe mutane daga wasu unguwanni ranar 27 ga watan.

Nijar ma tana da kunne a ƙasa, wato tashar Torodi, wadda aka kafa don sa ido kan gwajin makaman nukiliya kuma take naɗar girgizar wurare masu nisa. Sai dai ƙananan raurawar tafkin ba sa tafiya nesa, don haka lafiyar mutanen Goma ta dogara ne kan na'urorin da ke jikin dutsen da ma'aikatan da ke kwana a kansu.