CIWON KAFAƊA DA YA ƘI JIN MAGANI: TAUSA DA MOTSA JIKI

 

Ɗan uwa, in ka je masallacin Juma'a a Karkarna, ko Roni, ko Gwiwa, ka ɗan lura da masu nafila. Da wuya ka rasa dattijon da in ya zo kabbara, hannu ɗaya ya kai kunne, ɗayan ya tsaya a ƙirji. In ka tambaye shi, amsar ɗaya ce: “Sanyi ne.” A cikin gida ma haka. Uwargida ta bar wa yara daka, ɗaurin ɗankwali ya zama aiki, cikin dare in ta juya ta danne kafaɗar sai barci ya yanke.

Yanzu da aka gama yankan gero da dawa, aka sha sussuka da ɗaukar buhu, ga hunturu ya kawo kai, saƙonninku a kan wannan ciwo sun yi yawa. To ga amsa tun daga farko. Kafaɗar da ta wuce wata uku tana ciwo, mafi yawan lokaci motsi take nema, a hankali, kullum. Ajiye ta yana sandarar da ita, murɗe ta da ƙarfi yana ƙara mata rauni.

*ME KE FARUWA A CIKI?*

Duk gaɓoɓin jikinka babu mai juyawa kamar kafaɗa. Kan ƙashin damtse yana zaune ne a wani ɗan gurbi marar zurfi, kamar ƙwallo a kan faifai. Tsoka huɗu ne da jijiyoyinsu suka rungume shi, sai wata jaka da ta lulluɓe gaɓar. Yawancin ciwon da ke daɗewa daga ɗayan biyun nan yake.

Na farko, *gajiyar jijiyoyi*. Shekara da shekaru ana huɗa da garma, ana jan guga, ana daka, ana yaɓe. Alamarsa: zafi in ka ɗaga hannu ta gefe, musamman a tsakiyar hanya, amma in wani ya ɗaga maka, hannun yana tafiya.

Na biyu, *sandarewar kafaɗa*. Jakar nan ce ke kumbura, ta yi kauri, ta tsuke. A nan ko wani ne ya ɗaga maka, hannun ba zai wuce inda ya tsaya ba. Ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, ya fi yawa ga mata, kuma yana bin masu ciwon suga sosai. Yana farawa da zafi mai hana barci, sai zafin ya lafa sandarewa ta zauna, daga baya ta fara saki. Yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku. Don haka in kafaɗarka ta sandare ba faɗuwa ba bugu, ka je a gwada maka suga. Akwai waɗanda ta nan suka fara sanin suna da shi.

*WAƊANDA BA TAUSA ZA A YI MUSU BA*

Kafin ka ɗauko kwalbar mai, duba nan. Asibiti kai tsaye:

▪️ Ciwon kafaɗa ko hannun hagu tare da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi. Wannan yana iya zama zuciya, ba a kwana da shi.
▪️ Wanda ya faɗi daga babur ko amalanke, hannu ya ƙi ɗaguwa, ko siffar kafaɗar ta canza.
▪️ Kumburi mai ɗumi tare da zazzaɓi.
▪️ Rama, gumin dare, ko tarin da ya daɗe.
▪️ Hannu yana mutuwa, ko abu yana suɓucewa daga yatsu.
▪️ Mai sikila, domin kan ƙashin damtsensa yana iya lalacewa saboda ƙarancin jini.

*ABIN DA MAGABATA DA LIKITOCI SUKA HAƊU A KAI*

Motsa jiki ba baƙo ba ne a likitancin Musulunci. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa gaɓar da ake yawan motsawa tana ƙara ƙarfi, kuma matsakaicin motsi shi ne mai amfani. Ibnu Sina ma, a littafinsa Alƙanun, ya ware babi a kan motsa jiki da nau'o'in tausa, mai ƙarfi da mai laushi, da lokacin da kowanne ya dace.

Binciken zamani ma nan ya nufa. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike na Birtaniya a kan tiyatar kankare ƙashin saman kafaɗa. An tarar ba ta fi a leƙa gaɓar da na'ura a rufe ba tare da an kankare komai ba. A 2021 kuma mujallar ta buga wani a kan mutum 708 masu ciwon jijiyoyin kafaɗa. Wasu sun yi ta zuwa wurin likitan gashi har zuwa sau shida, wasu sau ɗaya tak aka koya musu motsa jiki suka koma gida suna yi. Bayan shekara guda, babu wani bambancin a zo a gani.

Ka ga albishir ga mutumin 'Yankwashi da kuɗin mota ke yi wa nauyi. Zuwa ɗaya mai kyau, a duba ka a koya maka, sauran aikin a tsakar gidanka yake. Ka fara da babban asibitin Kazaure ko na Babura. In abin ya fi ƙarfinsu a tura ka Kano, sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala ko na Asibitin Malam Aminu Kano.

*YADDA AKE TAUSAR*

Gaskiya ɗaya dai: tausa tana sassauta tsoka, ta rage zafi na ɗan lokaci. Amfaninta shi ne ta ba ka damar motsa hannun. In aka yi tausa aka kwanta, gobe an koma gidan jiya.

1️⃣ Gashi. A tsoma tawul a ruwan ɗumi, a matse, a ɗora minti 10 zuwa 15. Mai ciwon suga ya sa wani ya taɓa masa ruwan, kada ya ƙone bai ji ba.

2️⃣ Mai. Man zaitun cokali biyu da ɗigon man habbatus sauda kaɗan. In babu, man kaɗanya ya wadatar. A fara gwadawa a ɗan wuri, don man habba yana sa wa wasu ƙaiƙayi.

3️⃣ Hannu. Mai ciwo ya zauna, ya ɗora hannunsa a kan matashi. A fara shafa da tafin hannu daga wuya zuwa kafaɗa. Sai a bi naman da ke kewaye da allon kafaɗa da babban yatsa, ana zagayawa. In an ci karo da ƙulli, a danna daidai yadda zai iya jurewa, a ƙirga ashirin, a saki. Nama ake tausawa, ba ƙashi ba. Minti goma ya isa.

Maigida, kai ne ka fi cancanta ka yi wa iyalinka. Uwargida, ke ma haka. Yara su yi wa iyaye, lada ne a sauƙaƙe.

⛔ Ban da fizga. Ban da murɗawa har sai an ji ƙas. Ban da sa yaro ya taka. Maɗori ya san karaya da targaɗe, amma kafaɗar da ta sandare ba gocewa ta yi ba, babu abin da za a mayar. Fizgar tana iya yaga jijiya, ko ta karya ƙashin tsoho.

*MOTSI SHIDA, BA KO SISI*

Jiki na da ɗumin tausa, sai a shiga waɗannan:

*1. Lilo.* Dafa kujera ko bakin turmi da hannu mai lafiya, ka sunkuya, ka saki mai ciwon ya yi reto. Kaɗa shi gaba da baya, hagu da dama, sannan zagaye. Minti ɗaya zuwa biyu.

*2. Hawan bango.* Fuskanci bango, yatsunka su riƙa hawa kamar tafiyar gizo-gizo har inda ka ji ja. Tsaya ka ƙirga goma, ka sauko. Sau goma. Ka sa alama da gawayi a inda ka kai. Duk Juma'a ka duba, alamar ce za ta gaya maka gaskiya.

*3. Sanda a kwance.* Kwanta rigingine a tabarma, riƙe sanda ko muciya da hannu biyu, mai lafiya ya ja mai ciwo zuwa saman kai. Sau goma.

*4. Buɗe ƙofa.* Manna gwiwar hannu a haƙarƙari, hannun yana kallon gaba. Da sandar nan, tura tafin hannun waje, gwiwar ba ta rabu da jiki ba. Wannan juyin shi sandarewa ta fi cinyewa, kada ka tsallake shi.

*5. Cuɗa baya.* Jefa tawul ko mayafi ta bayan wuya, hannu mai lafiya a sama, mai ciwo ya kama ta ƙugu. Ja sama a hankali.

*6. Ƙarfafawa.* In zafi ya fara sauka, kwanta a gefen lafiya, gwiwar hannu a haƙarƙari, riƙe ledar fiya wata ɗaya, wato rabin kilo ke nan. Ɗaga ta sama, ka sauke a hankali, sau goma. In ta yi maka sauƙi, ƙara ta biyu. Mai gajiyar jijiyoyi, wannan ne naka na gaske.

Ka ɗaura su da sallah don kada ka manta: bayan Asuba da bayan La'asar. Ɗan zafi da ja lokacin yi ba laifi, matuƙar ya lafa kafin washegari. In ya hana ka barci fiye da da, ka rage yawan, amma kar ka daina. Kuma ka ba shi mako 6 zuwa 12 kafin ka yanke hukunci. Wasu masu cewa “na gwada bai yi ba” ba su daɗe suna yi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

*KAHO FA?*

Kaho sunna ne tabbatacce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) yana yin ƙaho a gefen wuya biyu da tsakanin kafaɗu. Mutane da yawa suna jin sauƙin zafi bayansa. Sai dai ba ya buɗe jakar da ta tsuke, ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, don haka a haɗa shi da motsi. Wanzami ya buɗe sabuwar reza a gabanka, ya tsabtace ƙahon, saboda ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Mai suga, mai sikila, mai ƙarancin jini, mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini, su tambayi likita tukuna.

*HATTARA DA HAƊIN KEMIS*

A nan ne ake asara. Mutum ya yi wata shida yana haɗiyar Diclofenac ko Ibuprofen safe da yamma, sau da yawa cikinsa babu komai, don ya samu ya fita gona. Waɗannan ƙwayoyi in an daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini. An je neman sauƙin kafaɗa, an dawo da abin da ya fi ta. In zafi ya hana ka motsi sam, akwai allurar rage kumburi da likita ke yi a gaɓar, tana ba da sauƙi na wasu makonni don ka samu ka fara motsa jiki. Tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, don haka mai suga ya faɗa kafin a yi.

*SALLAH DA KWANCIYA*

Ɗaga hannu a kabbara ba ya cikin farillan sallah, ka ɗaga iya inda ya kai, ladanka na nan. Kwanciya a gefen dama sunna ce, amma in dama ce ke ciwo, ka yi azkar ɗinka, ka kwanta rigingine ko a hagu, ka rungumi matashi. Addini bai ɗora maka abin da zai cutar da kai ba.

Kada ka manta da abin da Annabi (SAW) ya koya wa Usman bin Abil As (RA), kamar yadda Muslim ya ruwaito: ɗora hannu a wurin ciwo, Bismillah sau uku, sai addu'ar neman tsarin Allah sau bakwai. Tana cikin Hisnul Muslim. Ka fara da ita, sannan ka ɗauko sandarka.

Wanda zai koma aiki kuma, ya koma da dabara. Buhu a raba shi biyu. Guga a rage mata ruwa. Daka a yi karɓa-karɓa, ko a kai inji har kafaɗar ta dawo.

Yau bayan La'asar, ka tsaya gaban bango ka sa alamar farko. In akwai dattijo ko gyatuma a gidanku da ba sa karatun waya, ka karanta musu, ka kama musu sandar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. A tura wa 'yan uwa, ba ka san wanda zai amfana ba.