Wasiyyar Da Aka Ƙi Cikawa

Mutum ya bar wa amininsa wasiyya, ya ce in ya mutu a ƙone takardunsa duka, kada a karanta ko warƙa guda. Aminin ya buɗe takardun, ya ga abin da ke ciki ya fi ƙarfin a ba wuta, ya ƙi. To, malamai, cin amana ya yi ko kuwa riƙon amana? Wannan mas'ala ba ƙaga ta muka yi ba. Ta auku a ƙasar Turai, ƙurar da ta tayar kuwa ba ta kwanta ba sai bayan shekara 95.

Mai wasiyyar sunansa Faranz Kafka, Bayahude ne, an haife shi a birnin Firag cikin 1883. Ya karanta shari'a, ya kama aiki a ofishin da ke biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni wurin aiki. Da rana yana ofis, da dare yana rubuta hikayoyi cikin harshen Jamus. Ban da wannan yana da waɗansu littattafai da ya ke zuba abin da ya same shi yau da gobe, da mafarkansa, da damuwar zuciyarsa, har zuwa 1923. Kaɗan ne daga rubutunsa aka buga yana da rai. Tarin fuka ya kama shi, ya rasu kusa da Biyana a 1924, yana da shekara 40.

Da aka bincika teburinsa sai aka tarar da takarda biyu zuwa ga amininsa Makis Burod, duka maganarsu ɗaya: a ƙone. Burod ya kawo hujjarsa, ya ce tun Kafka yana da rai ya gaya masa baki da baki ba zai aikata haka ba, da gaske ya ke nufi da ya naɗa wani wasiyyi dabam. Ni dai a ganina hujjar tana da ɗan rauni, domin ba wanda ya shaida maganar sai mai faɗinta. Amma a yaba masa da abu guda, bai ɓoye ba: ya buga wasiyyar kanta a ƙarshen littafin farko da ya fitar cikin 1925, kowa ya gani ya yi nasa hukunci. Sunan littafin, in an juya shi da Hausa, Shari'a. Wasu biyu suka biyo baya a 1926 da 1927. Yau ba wata babbar jami'a da ba a karanta su.

Sai dai wanda ya ceci takarda ya kan sa mata hannu. Kafka bai gama Shari'a ba, ya bar babobinsa a ɗaure dabam dabam ba lamba, Burod ne ya jera su yadda ya ga ya dace. Duk wanda ya taɓa gādon gafaka wadda warƙoƙinta suka hautsine ya san wuyar wannan aiki, ya kuma san sauƙin kuskure a cikinsa. Har yanzu masana suna gardama a kan jerin. Littattafan yau da gobe kuwa ya datse wuraren da ya ga za su zubar da mutuncin amininsa ko na wani, ba a buga su cikakku ba sai 1990. Da asalin rubutun hannun ya ɓace, da ba mai iya gane inda aka taɓa.

Ga yadda ya tsira. Cikin watan Maris 1939, daren da sojan Hitila za su shiga Firag, Burod ya hau jirgin ƙasa na ƙarshe kafin a rufe iyaka, takardun suna cikin akwatinsa, ya sauka Tel Abib. Ƙannen Kafka mata uku da suka tsaya a baya duk an hallaka su cikin kisan da aka yi wa Yahudawa. Da yaƙin Suwez ya tashi a 1956 aka kai mafi yawan takardun wani banki a Zurik, ƙasar Suwizalan. A 1961 wani malamin jami'a, Malkam Fasli, da yardar 'ya'yan ƙannen marigayin, waɗanda su ne magada, ya ɗauko su cikin motarsa ya kai ɗakin littattafai na Bodliyan a Okusfod, ƙasar Ingila. Nan su ke har yau.

Rigimar ta fito ne daga kason da Burod ya riƙe a matsayin nasa. Shi da ya ƙi cika wasiyyar wani, sai ya bar tasa da baki biyu. Ya rubuta wa sakatariyarsa Esta Hofe takardar kyauta, sa'an nan cikin wasiyyarsa ya nemi a ajiye takardunsa a ɗakin littattafai na jama'a, ya kuma bar mata zaɓin wurin. Ya rasu a 1968. Ita kuwa ta ajiye wasu a gidanta, wasu a akwatunan banki, ba ta yarda masu bincike su gani sai nadiran.

Fatake, ku saurari wannan. A 1988 ta kai rubutun hannu na Shari'a gidan gwanjon Sotheby's a Landan, aka yi sallama a kan wajen fam 1,000,000, ya koma ma'ajiyar adabin Jamus da ke garin Marbak. Takardar da mai ita ya ce ba ta cancanci kome ba sai ashana ke nan.

Da Esta ta rasu a 2007, tana da shekara 101, 'ya'yanta mata biyu suka ce gādonsu ne. Babban ɗakin littattafai na Isra'ila ya ce a'a, uwarsu mai ajiya ce, ba mai mallaka ba. Mutanen Marbak kuma suna gefe da niyyar saye. Aka yi ta shari'a daga wannan kotu zuwa waccan. Abin mamaki, littafin nan Shari'a labarin wani ma'aikacin banki ne da aka kama ba a gaya masa laifinsa ba, ya ƙare kwanansa yana bin ƙofofin alƙalai, ga shi takardun mai littafin sun bi sawu, daga banki sai kotu. A 2016 kotun ƙoli ta Isra'ila ta ba ɗakin littattafan gaskiya. A 2019 aka buɗe akwatunan Zurik aka kai abin da ke ciki Birnin Ƙudus, a ciki har da zane-zanen Kafka da littafin da ya ke koyon Ibrananci. A 2021 aka ɗora hotunansu a intanet, kowa ya duba kyauta.

Saura kaso guda. Matar da ta yi jinyarsa a shekararsa ta ƙarshe, Dora Diyamant, ta ƙone wasu takardu a gabansa da umurninsa, amma ta ɓoye wajen littafi 20 da wasiƙu 35. A 1933 'yan sandan ciki na Hitila suka fasa gidanta a Balin suka kwashe su. Tun daga lokacin a ke cigiyarsu a ma'ajiyoyin Jamus da na gabashin Turai, har yanzu ba a ji ɗuriyarsu ba.