Doki da kaji a ƙaramar gona: yadda ɗaya ke ciyar da ɗaya

A yankunan Madawa da Buza da Keita, abin da ya fi ƙaranci a gonar talaka bayan ruwa shi ne taki. Shirin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, ya farfaɗo da faƙo mai yawa ta hanyar jera duwatsu da dasa itatuwa. A kwarin Majiya kuma, tun 1975 ƙungiyar CARE ta soma dasa layukan dogon yaro domin tare iska. Amma ramin tassa, kome kyan haƙarsa, in ba a zuba masa taki ba hatsin da zai bayar kaɗan ne. A nan ne doki da kaji ke da amfanin da sau da yawa ba a lissafa shi.

Akwai wani tsarin noma da Bill Mollison da David Holmgren suka bayyana a Ostireliya a 1978, wanda ginshiƙinsa shi ne kada wani abu ya tafi a banza: sharar wannan ta zama abincin wancan. Manomin Adar ya san haka tun kaka da kakanni, sai dai tsarawa.

Doki dabba ce mai tsadar riƙo. Wanda ya kai kilo 300 yana cin kimanin kilo 6 na busasshen abinci a yini, harawa da ciyawa da dusa, kuma da bazara yana iya shan lita 30 na ruwa ko fiye. Wanda ba shi da rumbun harawar da za ta kai shi damina, jaki ya fi masa. Wanda kuwa yake da hali, to ya sani cikin doki ba ya narkar da hatsi duka. Ƙwayoyin dawa da irin ciyawa suna fita a kashinsa, ƙudaje kuma suna yin ƙwai a ciki. Idan aka kwashe kashin kullum aka tara shi gefe, aka saki kaji da zabi a kai, za su tsince ƙwayoyin da tsutsotsin, su baza tarin ya sha iska. Kaji sun ƙoshi, ƙuda ya ragu a turke, gona kuma ta tsira daga haki.

Daga nan sai a zuba shi cikin rami tare da kashin kaji da tokar murhu da kararen da dabba ta rage, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, har wata biyu zuwa uku. Kashin kaji ɗanye yana da zafi, yana ƙona dashen albasa. Masu lambu a kwarin Tarka su kiyaye da wannan.

Sai dai haɗin yana da iyaka. Kada kaji su kwana bisa rumfar da ake aje harawa, domin kashinsu yana ɓata ta. Kada a ba doki abincin kaji na buhu: wasu ana sa musu magani irin su monensin, wanda kaɗan daga cikinsa na iya kashe doki. Haka kuma a zuba masa abinci a komi, ba bisa rairayi ba, don yashi na taruwa a hanjinsa ya jawo ciwon ciki mai tsanani.

Babbar hasarar mai kaji ita ce cutar Niyukasil, wadda ke share akurki da sanyin hunturu. Ba ta da magani, sai rigakafi, kuma akwai wanda ake ɗigawa a ido. A nemi ma'aikacin kiwo kafin sanyi ya shigo. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu. In kaji suka yi ta mutuwa farat ɗaya, a sanar da ma'aikatar kiwo, kada a yanka a ci, domin murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magarya a 2006.

Zabuwa takan yi ƙwai da damina, amma ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwanta. Yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 26 zuwa 28, na kaza kuwa 21. A tsare ƴaƴan daga raɓa da ruwan sama a makonnin farko, don sanyi ne ke fi kashe su.